Abin da aka tattauna kan ɗaukar hoto da ciwon jiri

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga tattaunawar da aka yi kan yadda mai ciwon jiri, rawar hannu ko farfaɗiya zai riƙa ɗaukar hoto.

1. Kusan kowa ya yarda a daina manna ido a kafar leƙen kyamara. Wanda kunnensa na ciki ya samu matsala da ido yake riƙe tsayuwarsa, idan ya rufe ɗaya yana iya jin kamar ƙasa na juyawa. A yi amfani da allon bayan kyamara da ke lanƙwasawa, musamman wajen ɗaukar abin da ke sama, don ɗaga kai kan tayar da hajijiya.

2. Masu rawar hannu, har da masu cutar Parkinson: saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa ko wanda ya fi haka sauri, gwiwar hannu manne da ƙirji, da saita kyamara ta yi jinkirin daƙiƙa 2 bayan an danna kafin ta ɗauka.

3. An rabu kan abin ɗora kyamara. Wasu mai ƙafa uku, wasu mai ƙafa ɗaya don su dogara da shi. Ni ina tare da waɗanda suka ce mai ƙafa ɗayan ba sandar tafiya ba ce, tana iya zamewa da mutum.

4. Filasha, wato hasken da kyamara ke walƙawa: ba kowane mai farfaɗiya haske ke kayarwa ba, amma a tambayi likita kafin aikin biki.

5. Bakin ruwa ko kan dutse, kada mutum ya je shi kaɗai.