Madonna ko Patti LuPone, wace ce ta fi iya fitowa a Evita?

Maman_Iklima:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu bibiyar wasannin dandamali na Turawa, irin waɗanda ake yin labarin gaba ɗaya da waƙa, ku zo ku warware min wani abu akan Evita. Ni dai fim ɗin 1996 na sani, wanda Madonna ta fito a Eva Peron, Antonio Banderas kuma ya fito a Che mai ba da labari, kuma tun da na kalle shi nake tausayin matar nan, yarinya ce da ubanta ke da wani iyalin na aure a wani gari, har aka nuna yadda aka tare su a ƙofar coci ranar jana'izarsa, ta bar ƙauye tana shekara 15 ta shiga Buenos Aires neman na kanta, ta zama matar shugaban ƙasar Ajantina Juan Peron, sannan kansa ta kashe ta tana shekara 33 a 1952. Wallahi ƙarshen fim ɗin har hawaye na yi.

To shekaranjiya sai na ci karo da wani tsohon bidiyo a YouTube, na bikin kyautar Tony (ta wasannin dandamali a Amurka) na 1980, Patti LuPone tana yin A New Argentina, inda Peron ke tunanin ya haƙura da siyasa ya bar ƙasar ita kuma tana zuga shi ya tsaya. Kai jama'a, wannan ai wata mace ce daban. Ido a tsaye, murya a sama tana tsawa, babu alamar tausayi ko kaɗan, kana ganinta kasan mulkin nan ita ke sonsa fiye da mijin ma.

Shine nake tambaya, dama haka aka rubuta ta Madonna ce ta tausasa ta, ko kuwa LuPone ce ta zaƙe? Kuma bayan su biyun akwai wasu da ya kamata in nema in kalla?

Malam_Sabo_Dandali:

Wa alaikumus salam Hajiya. Haka aka rubuta ta, LuPone bata zaƙe ba. Ki duba tsarin wasan ma, me yasa aka sa Che a gefe tun daga farko har ƙarshe yana sukarta? Don Tim Rice da ya rubuta baitukan ba yabonta ya zauna yi ba, tuhumarta yake yi, yana son mai kallo ya dinga tambayar kansa shin matar nan talakawa take so ko tafin da suke mata.

Asali ma ba a dandamali aka fara ba, faifai ne Rice da Andrew Lloyd Webber suka fitar a 1976, Julie Covington ce ta rera Eva, kuma Don't Cry for Me Argentina ɗinta ta kai lamba ɗaya a Ingila a farkon 1977. Da aka zo sa shi a dandamali ta ce bata yi, shine aka ɗauko Elaine Paige, aka buɗe a gidan wasa na Prince Edward a Landan a watan Yunin 1978, Harold Prince ne darakta. Shekara na zagayowa, Satumbar 1979, aka buɗe a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, da LuPone, Mandy Patinkin a Che, suka kwashe Tony 7 har da nata.

Abin da nake so ki gane shine wahalar aikin. Kinsan a finafinanmu mawaƙiya ce ke shiga situdiyo ta rera, jaruma ta zo wajen ɗauka ta motsa baki, to can ba haka bane, jarumar ce da kanta zata rera komai kai tsaye gaban jama'a, sama da awa biyu kusan bata sauka daga dandamali, ga rawa ga canjin kaya, kuma an rubuta waƙoƙin a wani sauti na sama da dole ta ture su da ƙarfin ƙirji. Shi yasa aka tsara mai fitowa a Eva ta yi wasa 6 a sati wata ta karɓi sauran 2, alhali sauran 'yan wasan 8 suke yi. Ita LuPone ta sha faɗa a hira cewa lokacin nan na daga cikin mafi muni a rayuwarta, kullum cikin fargabar muryarta take. Ni kuma a ganina wannan fargabar da faɗan da take yi da waƙar su suka shiga cikin wasan, sai ta fito a mace mai kokawa da komai da kowa, kuma Eva ɗin da aka rubuta kenan.

Paige kuma tsakiya take. Muryarta ta fi zaƙi, kalmominta sun fi fita tar, in tana waƙar baranda, wato Don't Cry for Me Argentina, zaki iya yarda da ita, sai ta juya wajen mijinta tana murnar yadda jama'a ke sonsu sannan ki ce au, ashe jawabin siyasa aka yi min. LuPone kam tun kafin ta buɗe baki kin gane dabara ce. Ni na LuPone nake, amma nasan masu cewa Paige ta fi wayo don ita har mai kallo take yaudara, kuma maganarsu abar dubawa ce.

Zee_Gwammaja:

Malam Sabo da girmanka amma ban yarda a mayar da Madonna kamar wadda ta lalata abu ba, don nasan inda maganar nan ke zuwa kenan kullum. Eh an sauke mata sautin waƙoƙi da yawa ƙasa, kowa ya sani, kuma ba ta da ƙarfin muryar LuPone, ita ma bata ce tana da shi ba, sai da ta je ta koyi waƙa wajen malama Joan Lader kafin a fara ɗauka. Amma fim ai ba dandamali bane. Wadda ke dandamali dole ta yi wasa don na kujerar ƙarshe can sama ya gani ya ji, ita kuwa kyamara na dab da fuskarta, in ta yi irin tsawar LuPone a nan ai ba zai kallu ba.

Ku koma ku kalli wajen You Must Love Me, bayan likitoci sun gaya wa Peron abin da ke damunta. Kusan raɗa take yi, muryar na rawa, fuska ta faɗa, tana kallon Jonathan Pryce da ya fito a Peron tana neman ta san ko zai ci gaba da zama da ita yanzu da jikinta ba zai ƙara amfanar siyasarsa ba. Waƙar nan don fim ɗin aka rubuta ta, ta ci Oscar, kuma daga baya da aka dawo da wasan dandamali a 2006 sai da aka saka ta ciki, kenan su ma sun ga akwai giɓin da ta cike. Ita ma Madonna ta ci Golden Globe.

Inda zan yarda da ku shine Another Suitcase in Another Hall. A dandamali waƙar yarinyar da Peron ke ajiye da ita ce, Eva ta zo ta kore ta daga gidan da akwatinta, yarinyar ta tsaya a waje tana rerawa, kuma a nan ne mai kallo ke fara jin tsoron Eva. A fim sai aka ɗauke waƙar aka ba Madonna tun tana sabuwar zuwa birni, to kinga tausayin da ya kamata ya tafi wajen wadda aka kora ya dawo wajen mai korar. Wannan kam an tausasa ta, ba musu. Amma shawarar darakta Alan Parker da masu fim ce, ba yadda ta taka rawar ba.

Kuma a tuna matar nan da ciki ta ƙarasa ɗaukar fim ɗin, ga mutanen Ajantina suna rubuce-rubuce a bango cewa ta fita musu daga ƙasa, sai da ta zauna da shugaba Carlos Menem kafin aka basu ainihin barandar Casa Rosada, fadar shugaban ƙasar.

Maman_Iklima:

Ikon Allah, Zee wallahi bansan waƙar akwatin nan ba tata bace, kuma tana cikin waɗanda suka sa na so ta. Yanzu sai nake ji kamar in sake kallon fim ɗin daga farko.

Abban_Nur_Ldn:

Anti ki ƙara mutum biyu a lissafinki. Ta farko Elena Roger, 'yar Ajantina ce haifaffiyar Buenos Aires, ta yi shi a gidan wasa na Adelphi a Landan a 2006 sannan a Broadway a 2012 tare da Ricky Martin a Che. 'Yar ƙarama ce sosai a jiki, Turancinta da karin harshen Sifaniyanci, ga iya tango, in ta shigo birni a waƙar Buenos Aires zaki ga yarinya mai yunwar duniya da gaske. A Landan an yabe ta sosai, a New York kuma masu sharhi da yawa suka ce muryarta na ƙara in ta hau sama, ko sunanta bai fito a jerin Tony ba. Ni ina ganin kunnensu ne ya saba da LuPone, duk wadda ta zo da wani abu daban sai su ji kamar ta gaza.

Ta biyu Rachel Zegler, a London Palladium a bazarar 2025, Jamie Lloyd ne darakta. Wannan na gani da idona amma daga titi, don abin da suka yi shine in an zo waƙar baranda sai ta bar waɗanda suka sayi tikiti a ciki ta fito ainihin barandar gidan wasan da ke kallon titin Argyll ta rera wa mutanen waje kyauta, na ciki kuma suna kallo ta majigi. Na tashi daga aiki na tsaya wajen ƙarfe 9 na dare, titin ya cika maƙil, kowa ya ɗaga waya, sai gata ta fito da farar doguwar riga da gashi mai ruwan zinare a ɗaure ta baya, ta dafa ƙarfen barandar tana bin fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar ta san mu. Wata dattijuwa a gefena tana ta share ido. Sai da na kama hanyar jirgin ƙasa sannan na lura ashe mu aka mayar talakawan da ake yi wa jawabin, kyamara na ɗaukar mu ana nuna wa na ciki yadda muka narke. Wasu masu tikiti sun yi ƙorafi, sun biya kuɗi mai yawa an basu bidiyo, kuma ina fahimtarsu, amma ni ban taɓa ganin an fito da ma'anar waƙar nan haka ba.

Wani abu kuma, shekararta 24 lokacin. Eva na gaskiya 27 take da shi ranar da aka rantsar da Peron a 1946, Paige da LuPone duk suna da 30 da suka fara, Madonna 37. Ƙuruciyar nan na canza yadda kake ɗaukar rashin haƙurinta da kuma mutuwarta.

Dr_Hauwa_Tarihi:

Ni ta ɓangaren tarihi zan shigo. Ƙanwata Maman Iklima kada ki ɗauki ko ɗaya daga cikinsu a matsayin Eva ta gaskiya, Turawan Ingila biyu ne suka rubuta labarin, kuma mutanen Peron da yawa basu taɓa yarda da shi ba, shi yasa a 1996 ɗin ma 'yan Ajantina suka fitar da nasu fim mai suna Eva Perón da Esther Goris. Wasan ya fi ba da ƙarfi kan maza da kayan ado da kuɗin gidauniyarta, ya wuce da sauri kan dokar 1947 da ta ba mata damar zaɓe, wadda ta tsaya kai da fata a kanta, har ita da kanta daga gadon asibiti ta jefa ƙuri'arta a Nuwambar 1951. Gidauniyar da ta kafa a 1948 ta gina asibitoci da makarantu da gidajen marayu, ta raba kekunan ɗinki. A gefe guda kuma gwamnatin ta matsa wa 'yan adawa, ta ƙwace jaridar La Prensa a 1951, wannan ma gaskiya ne.

Amma in maganar murya ake, ki nemi jawabinta na ƙarshe na 1 ga Mayu 1952, akwai shi a intanet. Ciwo ya cinye ta, Peron na riƙe da ƙugunta ta baya don kada ta faɗi, amma muryar a dushe take da kaushi tana yi wa maƙiyan mijinta barazana. Ko ba kya jin Sifaniyanci zaki ji zafin. Wannan muryar a kunnena LuPone ce ta fi kusa da ita, sai Roger, Madonna kam ta yi sanyi da yawa.

Zee_Gwammaja:

Anti Hauwa a baranda na yarda. Amma matar ai ba a baranda kaɗai ta rayu ba, akwai ɗaki akwai gadon asibiti, kuma nan ɗin da wuya a ce ga wadda ta fi kama. Ni dai ina nan kan Madonna a rabin ƙarshe.

Malam_Sabo_Dandali:

Hajiya in zaki saurara ki fara da faifan Covington na 1976, sannan na LuPone na 1979 don shi cikakke ne daga farko har ƙarshe, na Paige na 1978 zaɓaɓɓun waƙoƙi ne kawai aka naɗa. Ki ɗauki waƙa ɗaya, ni Rainbow High nake ba da shawara, inda take shirin tafiya Turai a 1947 tana ba masu yi mata kwalliya umarni, ki ji ta a bakin kowacce a jere har da ta Madonna da ta Roger, sai ki dawo ki gaya mana wadda kika zaɓa.