Fim kan tarihin bauta a ƙasar Kano don nunawa a unguwa: ta ina ake farawa?

Malama_Tarihi:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta malaman sakandare na son shirya gajeren fim kan tarihin bauta a ƙasar Kano, a nuna wa ɗalibai da mutanen unguwa. Muna da kyamara ɗaya, wayoyi biyu masu kyau, kwamfuta, da wata huɗu. Me za mu ɗauka tunda babu hoton bidiyo na wancan zamani? Yaya za mu shawo kan dattawa su yi magana? Kuma minti nawa ya kamata fim ɗin ya kai?

Ɗan_Kurmi:
Wa alaikumus salam, Malama. Ku fara da rage gonar. "Bauta a ƙasar Kano" ta fi ƙarfin wata huɗu. Ku ɗauki abu ɗaya: rinji guda (ƙauyen bayi masu noma), ko hanyar fatake guda, ko rayuwar mutum guda. Fanisau, alal misali, tana kusa da birni, an san ta da gandayen sarauta da bayi suka noma, Baturen Ingila mai yawon bincike Clapperton ma ya je can a 1824. In mutum kuke so, ga Dorugu: yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Bajamushe mai yawon bincike Barth har Ingila a 1855, kuma labarinsa na nan a rubuce da Hausar bakinsa. Wannan kaɗai ya isa fim.

Sai kalmomi, don a nan ake yawan zamewa. Bawan da aka saya daban, bacucane da aka haifa a gidan daban. Bayin rinji masu noma daban, bayin sarki daban, irin masu riƙe sarautun Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama a da, waɗanda suka fi 'yantattun mutane da yawa iko. Ƙwarƙwara daban. Murgu shi ne bawa ya yi sana'arsa yana biyan ubangijinsa wani abu a kai a kai. Fansa kuwa biyan kuɗin 'yanci ne. Fim ɗin da ya dunƙule waɗannan duka, dattawa za su ƙaryata shi tun a minti biyar na farko. Amma kada bambancin ya zama wanki: harin kama mutane, raba uwa da ɗa, da ciniki a kasuwa duk sun faru, a faɗe su ƙarara.

Kwanan wata kuma a kiyaye. Kada mai sharhi ya ce "Turawa sun zo sun hana bauta a 1903". Dokar Lugard, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ta 1901 ta hana hari da ciniki, ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, ba bawa ba, amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba. Da yawa ta kotun alƙali suka fanshi kansu, wasu suka gudu. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a dokance. Wannan tsakanin na shekara 35 shi ne zamanin da kakannin dattawan yau suka rayu a ciki, shi ya sa ya fi samun masu ba da labari. Takardu ku nema a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da Arewa House a Kaduna, kayan gani kuma a Gidan Makama.

Mai_Sauti:
Ranki ya daɗe, kuɗinku ku zuba a sauti. Mutane na haƙuri da hoto mai hazo, ba sa haƙuri da muryar tsoho da ba a ji. Ku sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa, a sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a waje da babbar riga, don shadda mai sitati na ƙara idan ta goge shi. Mai naɗa ya sa abin kunne daga farko har ƙarshe. A kashe fanka, a roƙi maƙwabci ya kashe janareta, a guji lokacin kiran salla da tashin 'yan makaranta. Zaure mai daɓen siminti na amsa kuwwa. A shimfiɗa tabarma biyu ko darduma.

Kyamara a kan ƙafarta, daidai idon mai magana ko da a ƙasa yake zaune. Waya ɗaya ta ɗauka daga gefe, don a samu abin rufe wurin da aka yanke. A tafa hannu sau ɗaya a farko, da shi za a daidaita sauti da hoto. Hira kada ta wuce minti 45. Gara a koma sau biyu, zama na biyu ne yawanci ake faɗin abin da aka ɓoye a na farko. Hira takwas zuwa goma ta ishi fim na minti 25. A kwafe komai wuri biyu a daren, kafin a goge kati.

Batun abin ɗauka: ganuwa, tsofaffin rijiyoyi, gonaki, karofi, wuri na kuɗi, takardun ajami, taswira. Abin da zan hana shi ne ɗauko hotunan jiragen ruwa da sarƙoƙin tsibirin Gore na Senegal daga intanet a liƙa. Mai kallo zai ɗauka labarin wasu ne can bakin teku.

Hajiya_Zinder:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, sai dai an tsallake babbar matsala. Kalmar "bawa" har yau tana ɓata neman aure. Tsoho zai iya nuna gida ya ce "waɗancan bayinmu ne", alhali jikokin gidan suna zaune a layin gaba ranar nuni. Ƙa'ida: mutum ya ba da labarin gidansu, amma sunan wani gida ko zuri'a a yanke, ko da a takardar kotu aka samo shi. Rufe fuska ba ya wadatarwa a ƙauye. Murya, ƙofar gida, tsaga, har bishiyar tsakar gida suna tona mutum. Wanda bai so a gane shi, wani ya karanta maganarsa.

Yarda a naɗe ta da baki a gaban kyamara, a faɗa masa fim ɗin zai iya shiga WhatsApp da Facebook, inda ba a iya janyo shi. A shiga ta hannun mai unguwa ko dagaci, amma kada a yi hirar a ƙofar fada, ba wanda zai saki jiki. Kada a buɗe da "ku bayi ne?" A tambayi daga ina kakanni suka zo, wa ya noma gonar nan, me ake yi ranar salla tsakanin gidan nan da wancan. Tsofaffin mata mace ta yi hira da su a cikin gida. Labarin ƙwarƙwarori a bakinsu yake.

In za ku taɓo Nijar, ku sani can ba tarihi kaɗai ba ne. Sai a 2003 doka ta mai da bauta laifi, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani, wata mata da aka sayar a matsayin baiwa, gaskiya a kan gwamnati saboda ba ta kare ta ba.

Malama_Tarihi:
Na gode ƙwarai. To nunin fa? Muna tunanin ɗakin taro na makaranta.

Mai_Majigi:
Ɗakin taro ya yi wa ɗalibai, amma a raba fim ɗin kashi uku na minti takwas, a tsaya a yi tambaya, don ya shiga darasi ɗaya zuwa biyu. Na unguwa a waje za a yi, bayan Isha'i, da farin ƙyalle mai faɗin mita uku a ɗaure kusurwa huɗu don iska. Janareta a nesa da waya mai tsawon mita 30, lasifika a kan tebur ba a ƙasa ba. A nemi izinin hukumar tace fina-finai tun da wuri.

Kafin wannan duka, a fara nuna wa waɗanda aka yi hira da su a keɓe, wanda ya ce a cire wani abu a cire. Ranar nuni a tanadi malamin addini da malamin tarihi, domin tambayar farko kusan kullum kan hukuncin bauta a Musulunci ce, ta biyu kuma "su wane ne bayin garin nan?" Mai jagora ya shirya yadda zai tare ta biyun tun kafin wani daga baya ya kira suna. Mata a yi musu nasu zaman da rana a Islamiyya. Kwafin waya a matse shi ya koma kamar megabait 150, kuma kada a sake shi sai an gama zagayen unguwanni.