Yaya zan yi da ƙananan yarana a lokacin sujada a majami'a?

Uwar yara uku, daga Kaduna:

Salama gare ku cikin sunan Ubangiji. Ina neman shawara a kan abin da ya daɗe yana damuna. Babbar 'yata shekararta 6, mai bi mata 3, sai na goye mai wata 8. Sujadarmu ta Hausa tana farawa da ƙarfe 9, kuma da wuya a tashi kafin 12, balle ranar Jibin Ubangiji, wato ranar da ake cin gurasa a sha ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. Lahadin da ta wuce na goyen ya fashe da kuka ana tsakiyar addu'a, yayansa kuma ya kutsa ƙarƙashin benci yana neman takalminsa, sai wata mama ta juyo ta harare ni, mai tsaron ƙofa ya nuna mini waje da hannu. A gindin darbejiya na ƙarasa sujadar tare da wasu masu goyo, muna jin amon lasifika amma ba ma tantance abin da fasto yake faɗa. Maigidana yana ɓangaren maza, bai ma san abin da ya faru ba. Rabon da in ji wa'azi daga farko har ƙarshe tun kafin in haihu. Shin in zauna a gida har su yi wayo, ko in ci gaba da zuwa a haka?

Wata mama daga zumuntar mata, Jos:

'Yata, kada ki zauna a gida, domin wanda ya saba da rashin zuwa, komawa tana yi masa nauyi. Shida na haifa, kuma dukansu a bayana suka fara jin kiɗan tulu da waƙoƙin zumunta. Ki shayar da jaririn kafin ku shiga, ki tabbata mai shekara ukun ya karya kumallo, ki zauna a bakin benci kusa da ƙofa, nesa da lasifika, domin ƙararta da zafin kwano a watan Afrilu sun isa su sa kowane jariri kuka. Abin da ya fi taimakona shi ne addu'ar yamma a gida: waƙa ɗaya, aya ɗaya, zaman shiru na minti biyar. Yaron da ya saba da wannan ba ya ganin benci a matsayin horo. Kuma kada ki ji kunyar miƙa jaririn ga wata tsohuwa, ai ɗa na kowa ne.

Malamin Makarantar Lahadi, Gombe:

'Yar'uwa, a ganina matsalar ta tsari ce. A majami'u da yawa ana yin ajin yara da sassafe, a sallame su daidai lokacin da manya suke shiga, sai su dawo hannun iyaye mata a gajiye. Mu mun gwada wata hanya: yara suna shiga tare da kowa, su yi waƙoƙi, su ji karatun Littafi Mai Tsarki, su ba da baikonsu, wato kyautar da ake bayarwa a majami'a, da hannunsu, sannan a yi musu addu'a su fita zuwa aji kafin wa'azi. Ban yarda a raba su da sujada gaba ɗaya ba. Joshuwa 8:35 ta nuna cewa an karanta Shari'a a gaban dukan taron Isra'ila, har da mata da ƙananan yara. Sai dai wannan tsari yana bukatar masu hidima da za su riƙa karɓa-karɓa, don kada mutum biyu su rasa wa'azi shekara guda cur.

Wani dattijon ikilisiya, Zariya:

'Yata, na karanta saƙonki da nauyin zuciya, domin laifin ya fi karkata gare mu shugabanni. A Markus 10:13-16, almajirai ne suka tsawata wa masu kawo yara, Yesu kuwa ya ji haushinsu, ya rungumi yaran ya sa musu albarka. Mai tsaron ƙofar da ya nuna miki waje aikin almajiran nan ya maimaita, ko da bai yi nufin mugunta ba. Mu ne muke barin sanarwa ta ci minti arba'in, kowace ƙungiya ta rera waƙa biyu, sannan mu zargi ɗan shekara uku da rashin natsuwa, alhali ko Aftikos, wanda saurayi ne, barci ya kwashe shi ya faɗo daga taga sa'ad da jawabin manzo Bulus ya yi tsawo a garin Taruwasa.

Maganata ta biyu ga maigidanki ce. Zaman maza daban da mata al'ada ce, bai sauke masa hakkin uba ba. Ki gaya masa abin da ya faru, cikin ladabi amma ba tare da ɓoye komai ba, ya riƙa zama da mai shekara ukun a kusa da shi. Daga nan ku je wurin fasto tare, ku roƙa a shimfiɗa tabarmi a bayan majami'a daga ciki, inda masu goyo za su zauna suna jin wa'azi.

Uwar yara uku, daga Kaduna:

Na gode Mama, na gode Malam da Baba. Jiya da dare na yi magana da maigidana, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ranar Lahadi shi zai riƙe yaron. Zancen tabarmin kuma zan fara kai shi taron zumuntar mata, domin mu masu zaman gindin darbejiya muna da yawa.