Abin da na tsinta a hirarmu kan shari'ar Paxil da Zoloft

Jama'a ga abin da na tattara daga hirar jiya kan ƙararrakin da iyaye suka kai kotu cewa Paxil da Zoloft, magungunan ciwon damuwa, sun cutar da jariransu tun suna ciki. Na farko dai kowa ya yarda mai ciki kar ta yanke maganin ciwon damuwa da kanta don ta ji labarin shari'a, ta je wajen likita tukuna, yankewa farat ɗaya na iya dawo da ciwon, wallahi wannan ya fi damuna.

Maganar kotu kuma a Amurka abin ya faru. A 2005 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta yi gargaɗi cewa Paxil na iya jawo matsalar zuciya ga jariri in mai ciki ta sha, a 2009 kotu a Philadelphia ta ce kamfanin GlaxoSmithKline mai yin Paxil ya biya wasu iyaye dala miliyan 2.5, amma su Zoloft fa ba haka ta kaya ba, a 2016 alƙaliya ta kori ɗaruruwan ƙararraki saboda babu gamsasshiyar hujjar kimiyya cewa maganin ne sanadi. To shi ya sa aka ce in ana niyyar kai ƙara a adana takardar likita, katin awo, sakamakon hoton zuciyar yaro, har rasidin kemis. Kuma a nemi lauya da wuri, shigar da ƙara yana da wa'adi.