ZN ko auramine: wanne ya fi kama ƙwayar tarin fuka a kaki?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lab. An kawo mana madubin LED, wato na'urar duba ƙwayoyin cuta mai fitilar LED, za mu fara rinin auramine mai sa ƙwayar tarin fuka ƙyalli bayan mun saba da ZN, wato rinin Ziehl-Neelsen. Waɗanda suka yi aiki da duka biyun, me kuka gani?

Hajiya 'Yar Gwale: Wa alaikumus salam ƙanina. Ni dai idona ya huta. A ZN sai ka zuba jan rinin carbol fuchsin a kan kakin da ka shafa a gilashi, ka kara wuta ƙarƙashin gilashin har tururi ya tashi amma kada ya tafasa, ka wanke da asid, ka bi da shuɗi, sannan ka ɗiga mai ka leƙa da idon madubi mai lamba 100. Fili ɗari za ka bi kafin ka rubuta babu. Ranar Litinin da gilasai suka taru, kafin azahar ja da shuɗi sun fara haɗe maka. Auramine kuwa ba wuta, ba mai, da lamba 40 kake dubawa, ƙwayoyin na ƙyalli rawaya-rawaya a kan baƙi kamar taurari. Mai 'yan ƙwayoyi ƙalilan, wanda gajiyayyen ido zai tsallake, LED kan kamo shi. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar komawa gare shi tun 2011.

Malam Na-Tarauni: Gaskiya ne Hajiya, amma ba duk mai ƙyalli ne ƙwaya ba. Ɓurɓushin abinci da zare duk suna haskawa, balle lokacin hunturu da ƙura ke sauka kan gilashi. Sabon hannu sai ya rubuta akwai. Ni idan na yi kokwanto, sabon gilashi nake shafawa in rina da ZN, in ga ƙwayar ja kamar sanda da idona. Kuma ƙyallin yana dusashewa, ka karanta a ranar, kwalbar rinin ka ɓoye ta daga haske.

Maman Lab, Ɗorayi: Ku bar batun rini tukuna, me aka kawo a robar kakin? Wani yawu zai tofa ya miƙo maka. Sai na fita da shi waje inda iska ke kaɗawa, in ce, "Baba, kuskure baki, ja numfashi sosai, kakaro daga ƙirji." Madubi kowane iri ne yana buƙatar ƙwayoyi wajen 5,000 zuwa 10,000 a mililita ɗaya kafin ya nuna. Shi ya sa yara da masu HIV suke yawan kuɓuce mana.

Ɗan Fagge: To Mama, ga injin gwajin kaki na GeneXpert, awa biyu ya gama har da nuna ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifampicin. Madubin bai zama tsohon yayi ba?

Malam Na-Tarauni: Ina! A gwajin farko GeneXpert ne gaba, ba gardama. Amma ko mushen ƙwaya yana gani, don haka bibiyar mai shan magani a wata na 2 da na 5 da na 6 aikin madubi ce. Ga zafin Kano a watan Afrilu, in ba wuta ba AC sai injin ya ƙi tashi, LED kuwa da batir ma yana aiki.

Hajiya 'Yar Gwale: Ƙanina, kada ku zubar da kayan ZN ɗinku. Makonnin farko ku riƙa shafa gilashi biyu daga kaki ɗaya, ku gwama sakamakon har ido ya saba.