Tambaya: Yaya ake auna tasirin binciken likitan tiyatar ciki irin Massimo Sartelli?

Likita_mai_koyo:
Assalamu alaikum manyanmu. Duk takardar da na buɗe a kan mugunya a cikin ciki ko fashewar hanji sai in ga sunan Massimo Sartelli na asibitin Macerata da ke Italiya, tare da Fausto Catena, Luca Ansaloni da Federico Coccolini. Wata takardar marubutanta sun haura ɗari. To, wannan yawan ambato, wato yadda wasu masu bincike ke kafa hujja da takardunsa, tasiri ne na gaske, ko kuwa albarkacin taron jama'a ne?

Babban_tiyata:
Wa alaikumus salam. Ka ajiye lissafin ambato tukuna, ka duba abin da aikin ya sa a hannun likita. Sartelli ne ya jagoranci jerin binciken ƙungiyar tiyatar gaggawa ta duniya, WSES, a kan cututtukan mugunya a cikin ciki: CIAO a Turai a 2012, sai CIAOW a 2014 da majinyata 1,898 daga asibitoci 68, sai WISS a 2015 da majinyata 4,533 daga cibiyoyi 132, inda kashi 9.2 cikin ɗari suka rasu.

A WISS ne aka gwada ma'aunin tsananin gubar jini na WSES, kuma za ka iya lissafa shi a bakin gado. Fashewar ƙaramin hanji maki 3. Jinkirin toshe tushen cutar, wato yin tiyata ko zuƙe mugunya, fiye da awa 24 maki 3. Faɗuwar hawan jini saboda guba maki 5. Shekaru sama da 70 maki 2. Mai maki 0 zuwa 3 mutuwarsa ba ta kai kashi 1 ba, amma daga maki 7 zuwa sama ta haura kashi 40. Yanzu ka ɗauki matashin da taifot ta huda masa hanji, ya kwana uku a gida cikinsa ya yi tauri kamar katako. Tun daga ƙofa yana da maki 6, kafin ma a auna jininsa. Wannan lissafin ne zai sa ka nemi gadon kulawa ta musamman tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Mai_ƙididdiga:
Ranka ya daɗe, na yarda, amma akwai gyara. CIAOW da WISS bincike ne na lura kawai. Asibitoci ne suka kawo kansu, ba zaɓo su aka yi ba, kuma asibitin da ke da ma'aikacin cike fom ba shi ne asibitin karkara da majinyaci ke mutuwa kafin a samo jini ba. Don haka adadin mutuwar na iya fitowa ƙasa da gaskiya.

Batun ambato kuma, Malam, ga yadda za ka tace shi. A rumbunan da ke ƙirga ambato, ka buɗe Scopus maimakon Google Scholar, domin na biyun yana haɗawa da kundin digiri da kwafi biyu na takarda ɗaya. Ka cire ambaton da marubuci ya yi wa kansa. Sannan ka ware takardun da yake na farko, na ƙarshe ko marubucin da ake tuntuɓa game da takardar. Jagororin magani kuwa, wato takardun ƙa'idojin yadda za a yi magani, ka ajiye su gefe, don kowa yana ambatonsu a gabatarwa ko bai karanta ba. Yawancinsu ma a mujallar ƙungiyar ake buga su, World Journal of Emergency Surgery, wadda karatunta kyauta ne, wannan ma yana ƙara ambato.

Babban_tiyata:
Haka ne. Shi ya sa jagororin da kansu ke jingina da gwajin wasu. Shawarar taƙaita maganin ƙwayoyin cuta zuwa kamar kwana 4 bayan an toshe tushen cuta da kyau, daga gwajin STOP-IT na Robert Sawyer a Amurka ta fito, 2015, majinyata 518. Gudummawar su Sartelli, musamman ta takardar AGORA ta 2016 kan amfani da maganin ƙwayoyin cuta yadda ya dace, ita ce yaɗa wannan. Inda ake kuskure: a bar ɗinki yana yoyo ko mugunya ta taru a ƙashin ƙugu, sai a yi ta canza allura maimakon a koma a buɗe ko a zuƙe.

Hajiya_Dakta:
Ɗana, in haɗin gwiwar da ya shafe mu kake nema, ka leƙa na GlobalSurg ma, gamayyar masu binciken tiyata ta ƙasashen duniya. Bincikensu na 2016 ya bi majinyata 10,745 na tiyatar ciki ta gaggawa a ƙasashe 58. Mutuwa cikin kwana 30 kashi 4.5 ce a ƙasashe masu ci gaba, 8.6 a matalauta. Daga baya gwajin ChEETAh na 2022, wanda asibitocin Najeriya da Gana ke ciki, ya nuna canza safar hannu da kayan aiki kafin rufe ciki ya rage ruɓewar rauni daga kashi 18.9 zuwa 16.

In za ka shigar da asibitinku irin wannan aiki, ka fara samun izinin kwamitin ɗa'a, ka rubuta kowane majinyaci a jere ba tsallake, har na daren Asabar, ka karɓi lambar waya biyu don bibiyar kwana 30. Cibiyar da bayananta suka yi giɓi da yawa cire ta ake yi, sunayenku su tafi da ita. Ka kuma tambayi kwamitin ƙarin girma na jami'arku tun yanzu ko suna ba da maki ga sunan da ya fito a jerin masu haɗin gwiwa, don ba kowace jami'a ke lissafa shi a matsayin marubuci ba.