Sati ɗaya a Zanzibar da su Hajiya, ina za mu kai su?

Ɗalibi a Dar: Salam jama'a, ina neman shawara don Allah. Hajiyarmu da yayata da yaranta biyu za su zo min ziyara, ga abokina shi ma zai bi mu, to na ce mu tsallaka daga nan Dar es Salaam zuwa tsibirin Zanzibar mu yi sati, amma Hajiya ba ta iya doguwar tafiyar ƙafa kuma yaran ba su taɓa ganin teku ba. Ya zan tsara abin?

Maman 'yan biyu: Wa'alaikassalam. Jirgin ruwa daga Dar wajen awa 2 ne, ka sai musu maganin amai tun kafin ku hau, ni wallahi na sha wuya ranar. Ku fara da gonar kayan ƙamshi, Hajiya za ta ji daɗi sosai, za ta ga kanumfari da kirfa a jikin bishiyarsu, mu da muka saba ganinsu a ƙulle a leda.

Matafiyi: Ɗan'uwa kar ka cika musu kowace rana da yawo. Yara kai su tsibirin Changuu su ga manyan kunkuraye, da kwale-kwale ake zuwa daga Stone Town, wato tsohon garin Zanzibar, ka tabbatar an sa musu rigar ceto. Dajin Jozani kuma akwai jajayen birai. Wanka a teku sai Nungwi, can ruwa ba ya ja da baya da nisa kamar Paje. In dai watan Afrilu ne ku ɗaga, ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya.

Ɗalibi a Dar: Na gode ƙwarai, a Agusta za su zo in Allah ya yarda. Abinci fa?

Maman 'yan biyu: Garin Musulmi ne ƙanena, masallatai ko'ina. Bayan magariba ku je Forodhani, kasuwar abincin dare a Stone Town, gasasshen kifi da ruwan rake, amma ka tambayi kuɗi kafin a zuba maka.